Ƙuri'a Ɗaya Tak: Me Ya Hana Mace Kujerar Shugaban Ƙasa?

 

'Yan'uwa mutanen Hausari, abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wata ɗalibarmu ta yi mana a Islamiyyar matan aure, bayan an tashi daga karatun Risala. Cewa ta yi: "Allah gafarta Malam, ranar zaɓe mu ne muke cika layi tun da sanyin safiya, da goyo da komai. To me ya sa har yau ba a taɓa samun mace ta zama shugabar ƙasar nan ba?" Muka ba ta amsa a gurguje, muka ce addini bai yarda ba, muka naɗe buzu muka nufi kasuwa. Amma har muka buɗe shago zuciya ba ta kwanta ba. Ɗan kasuwa ya san bambancin mudu cikakke da wanda aka daki gindinsa, kuma amsar da muka bayar ran nan ba ta cika mudu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu dawo mu sake awo a gaban jama'a.

Mu fara da abin da ya faru. A Janairun 2011, jam'iyyar PDP ta yi zaɓen fitar da gwani a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Goodluck Jonathan ya samu ƙuri'a 2,736, Atiku Abubakar ya samu 805, Sarah Jibril kuwa ta tashi da ƙuri'a ɗaya tak, alhali ga wakilai mata birjik a filin. Wannan baiwar Allah tun 1992 take neman kujerar. A 2015 Farfesa Remi Sonaiya ta tsaya a jam'iyyar KOWA, ba ta kai ƙuri'a dubu 14 ba cikin sama da miliyan 28. A 2019 Oby Ezekwesili ta janye tun kafin ranar zaɓe. A 2023 'yan takara 18 ne a takardar ƙuri'a, mace ɗaya ce a cikinsu, Chichi Ojei ta APM, kuma da yawanmu ko sunanta ba mu ji ba. Duk da haka, a rajistar INEC ta wannan shekarar, wadda ta haura mutum miliyan 93, mata sun kai kashi 47 cikin 100. Tsarin mulki ma bai hana su ba. Sashe na 131 sharaɗi huɗu ya gindaya: zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, cika shekara 35, tsayawa a ƙarƙashin jam'iyya, da ilimin sakandare. Babu maganar namiji ko mace.

To, sai maganar addini, wadda ita ce ta fi damunmu, kuma ba za mu yi mata kwaskwarima don faranta wa kowa rai ba. Akwai hadisi ingantacce a Bukhari, ta hanyar sahabi Abu Bakrata, wanda Manzon Allah (SAW) ya faɗa lokacin da labari ya iso cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta, kuma ya kore rabauta ga mutanen da suka damƙa ragamarsu ga mace. A kansa jumhurun malamai suka dogara suka ce mace ba ta riƙe babban shugabanci. Mazhabarmu ta Malikiyya, da Shafi'iyya da Hambaliyya, har alƙalanci sun hana ta. Imamu Abu Hanifa ya yarda ta yi alƙalanci a abin da ake karɓar shaidarta a cikinsa, an kuma rawaito cewa Imamu Ɗabari ya yarda ta yi shi a komai. Cikin malaman zamani akwai irin su Shaihu Muhammad al-Gazali na Masar, wanda ya fahimci hadisin a matsayin labari kan halin da Farisa take ciki a lokacin, ya kuma kafa hujja da sarauniyar Saba'i a Suratun Namli, wadda ta yi shawara da fadawanta, ta kuɓutar da mutanenta daga yaƙi, ta miƙa wuya tare da Annabi Sulaimanu. Wasu kuma suka ce shugaban ƙasa na yau, mai wa'adin shekara huɗu, wanda majalisa ke iya tsigewa, kotu ke iya taka wa burki, ba shi ne halifan da littattafan fiƙihu suke nufi ba.

Mu da muka taso a kan Ahalari da Ishmawi da Risala, a kan babbar kujera muna nan tare da jumhuru, kuma ba ma zagin wanda ya bi ɗaya fahimtar da hujjarsa. Sai dai tambayar ɗalibarmu ba neman fatawa ba ce. Cewa ta yi me ya sa, wato dalilin abin da ke faruwa take nema. A nan ne amsarmu ta gaza. In hadisin nan ne kaɗai dalili, me ya hana Amurka? Can ba Bukhari suke karantawa ba, amma fiye da shekara 230 ba su zaɓi mace ba. Hillary Clinton ta fi Donald Trump yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3 a 2016, ta faɗi a lissafin wakilan jihohi. Kamala Harris ma ta faɗi a 2024. Me ya hana jihohin Kudu, inda Kirista suka fi yawa, su zaɓi mace gwamna ko sau ɗaya? A ɗaya gefen kuma, ƙasashen Musulmi ne suka ba Benazir Bhutto firaministar Pakistan a 1988, da Khaleda Zia a Bangladesh a 1991, da Sheikh Hasina a 1996, Indonesiya kuma, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, Megawati ta shugabance ta daga 2001. Ashe ruwa ba ya tsami banza, akwai wasu dalilan.

Ku dubi yadda waɗannan mata suka hau. Benazir 'yar tsohon firaminista ce, Hasina da Megawati 'ya'yan waɗanda suka kafa ƙasashensu ne, Khaleda matar shugaban da aka kashe ce. Samia Suluhu Hassan ta Tanzaniya mataimakiya ce, rasuwar Magufuli a Maris 2021 ta ɗora ta, kamar yadda ta faru da Joyce Banda a Malawi a 2012. Irin Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, wadda ta ci zaɓe da ƙafarta a 2005, ba su da yawa. Abin da wannan ke nuna mana shi ne, jama'a ba sa ƙin mace in ta riga ta iso bakin ƙofa da suna da dangi da jama'a. Isowa bakin ƙofar ne aiki.

A ƙasar nan tsanin hawa sananne ne. Tun daga 1999, shugabanni biyar aka yi: Obasanjo da Buhari tsofaffin shugabannin mulkin soja ne, 'Yar'aduwa da Jonathan da Tinubu tsofaffin gwamnoni ne. Wato ko dai ka fito daga bariki, ko daga gidan gwamnati. Mace ba ta taɓa shugabantar rundunar soja ba, ba a kuma taɓa zaɓarta gwamna ba. Virgy Etiaba ta riƙe Anambra wata uku, daga Nuwamba 2006 zuwa Fabrairu 2007, don an tsige Peter Obi ne, da kotu ta dawo da shi ta koma mataimakiya. Abin lura, mata biyun da suka fi kowa kusantar kujerar gwamna ta hanyar ƙuri'a Musulmi ne, kuma daga nan Arewa maso Gabas. Marigayiya Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara a Nuwamba 2015, kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli suka soke. Aishatu Binani ta kayar da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow a zaɓen fitar da gwani na APC a Adamawa, a 2023 kuma ratar da ke tsakaninta da Fintiri ƙuri'a dubu 32 ce da 'yan kai. Mutum kusan dubu 400 ne suka dangwala mata, kuma ba duka mata ba ne.

Kada mu manta kuma cewa tseren ba tare aka fara shi ba. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa kuwa sai 1976 aka ba su dama, zaɓen tarayya na farko da suka yi shi ne na 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri sau 16, ta sha duka, a kan neman wannan hakki. Malam Aminu Kano, wanda ba wanda zai ce bai san Alƙur'ani ba, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo, a takarar 1983 kafin rasuwarsa. Iyayenmu mata da yawa sun girma har sun aurar da 'ya'ya ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba.

Sai kuɗi, wanda mu 'yan kasuwa muka fi kowa fahimta. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. An ce an yi wa mata rangwame, to amma fom ai kuɗin shiga kasuwa ne kawai, ba jari ba. Ƙasar nan tana da rumfunan zaɓe 176,846. In za ka ajiye wakili ɗaya a kowace rumfa ka ba shi naira dubu 10 na yini, ka haura biliyan 1 da miliyan 700, ba a yi maganar mota da fosta da sallamar daliget ba. Kuma tsarin mulki ya ce sai ka samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mu leƙa Monday Market mu ƙirga: manyan dilolin atamfa da shinkafa da kifin Baga, nawa ne mata a ciki? Matanmu suna sana'a ba dare ba rana, ƙosai da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da turaren wuta da adashe, amma jarinsu a gwangwani yake. Wata ma gadon da Allah Ya yanka mata a Suratun Nisa'i, 'yan'uwanta maza sun riƙe gida da gona sun ce "ana juya mata". Wanda ya danne wa ƙanwarsa gado ba shi da bakin cewa mata ba su da ƙarfin takara.

Ga kuma lokaci da wurin da ake yanke shawara. Ba a filin taro ake fitar da ɗan takara ba, a falon wani babba ake yi, ƙarfe biyun dare. Mace mai aure in ta je a ce ta zubar da mutunci, in ba ta je ba a wayi gari an raba komai ba ita. Ga 'yan jagaliya, waɗanda a garin nan mun san zamanin da ake kiransu ECOMOG, mun kuma san abin da ya biyo baya. A Nuwamba 2019 a jihar Kogi, an ƙone Salome Abuh, shugabar matan jam'iyya a mazaɓarta, a cikin gidanta bayan zaɓen gwamna. Wane uba ne zai ji wannan ya ce wa 'yarsa bismilla?

Akwai wani dalili da ya kamata mu mutanen Hausari mu fi kowa jin zafinsa. Kakanninmu sun zo Yerwa da fatauci da almajiranci, wasu tun farkon kafa garin a 1907. A nan aka haife mu, a nan muka binne iyayenmu, muna jin Barbarci, mun yi auratayya da Barebari, kuma gaskiya sun riƙe mu da amana. Amma kowa ya san ranar da yaro zai nemi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko wani namu ya ɗaga kai yana son kujera, sai a tuna cewa Afuno ne. Dattawa suna tuna Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, wanda aka ɗauka a Janairun 1980 aka kai shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da hakkinsa. To, wannan abin da muke ɗanɗana jefi-jefi, mace mai aure a cikinsa take kwana. A garin ubanta a ce ta yi aure ta tafi, a garin mijinta a ce baƙuwa ce. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara don an haife ta a Anambra, ta shigo a gurbin Abia, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana aiki. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da wanda zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Mu da muke kuka in an ce mana baƙi, yaya za mu juya mu yi wa matanmu irin abin da muke kuka da shi?

Yanzu sai mu zo kan namu laifin, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bayan ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da ruwa ya ci rabin gari, akwai wata Hajiya a unguwar nan, mijinta ya rasu a shekarun tashin hankali, ita ta riƙe marayu. Ita ta haɗa matan adashe suka ɗora tukwane, ita ta rubuta sunayen gidajen da suka rushe, ita ta bi layi ta tabbatar kason tsofaffi ya kai hannunsu. Ba wanda ya kawo hadisi ya ce ta koma gida. Da ƙura ta lafa ta zo zaure ta same mu, ta ce: "Malam, mata sun matsa mini in nemi kansila in lokaci ya yi. Na ce sai na ji ta bakinku." Muka ce: "Hajiya, a yi istihara, a yi haƙuri tukuna." Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a majalisun shayi da WhatsApp: wai wa ya tsaya mata, wai a wane otal ake ganinta. Mun ji, mun san ƙarya ce, muka yi shiru don masu faɗar abokan cinikinmu ne, wasu a sahun farko suke salla a bayanmu. Ta aiko da yaro ya ce a gaya wa Malam ta fasa. Har yau in muka haɗu sai ta durƙusa ta gaishe mu, mu kuwa kunya ta hana mu haɗa ido da ita.

Jama'a, shugabancin mace mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kan rassanta. Ƙazafi kuwa ba saɓani a kansa. Suratun Nur ta yanke wa mai yi wa kamammiyar mace ƙazafi bulala 80, ta zubar da shaidarsa, hadisi kuma ya lissafa shi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Mun tsaya kai da fata a kan abin da ake saɓani, mun sake baki a kan abin da aka yi ittifaƙi haramun ne. In da gaske tsoron Allah ne ya hana mu zaɓen mace, da tsoron Allah ya fara hana mu cin namanta. Kuma kujerar kansila ba halifanci ba ce. Aikinta kwalbati da rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi, abubuwan da mata suka fi mu sanin ciwonsu.

Wani zai ce, to gida fa, da tarbiyyar yara? Magana ce mai nauyi, ba ma raina ta. Sai dai ba mu taɓa jin an yi wannan tambaya ga matar da ke tashi ƙarfe huɗu tana suya don ciyar da gida ba, ko malamar asibiti mai aikin dare da muke roƙo ta duba iyalinmu. Sai an zo rabon mulki muke tuna gida. Wani kuma zai ce ai mata ne ba sa zaɓen 'yar'uwarsu, ga Sarah Jibril nan. Akwai gaskiya a ciki, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma daliget, mace ko namiji, wanda ya kai shi filin yake bi. A gidajenmu ma, mu nawa ne muke barin iyali su zaɓi wanda suke so ba mu ce "ga inda za ku dangwala" ba?

Ƙasar da muke zaune a cikinta ma ba baƙuwar wannan abu ba ce. Masarautar Borno ta san Magira da Gumsu da Magaram, masu faɗa a ji a fada, tarihin baka kuma ya ce Aisa Kili ta riƙe sarauta kafin Mai Idris Alauma a ƙarni na 16. Mu ma muna da Daurama da Amina ta Zazzau, ga Nana Asma'u 'yar Shehu da ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A yau Dakta Zainab Gimba tana wakiltar Bama da Ngala da Kala-Balge a Majalisar Wakilai tun 2019, a Janairun 2024 kuma Hajiya Inna Galadima ta zama shugabar ƙaramar hukumar Jere, nan maƙwabtanmu. Maƙwabciyarmu Nijar tun 2000 ta kafa dokar ware wa mata kaso a kujerun zaɓe. Mu kuwa a zaɓen 2023 mata uku aka bayyana sun ci kujerar sanata cikin 109, ta huɗu sai a kotu ta karɓo tata.

Ba muna kira a fito da mace takarar shugaban ƙasa gobe ba ne, mun riga mun faɗi inda muka tsaya a kan wannan. Abin da muke nema a wurin kanmu bai kai haka ba, amma ya fi wuya. Wanda zai ƙi zaɓen mace saboda fahimtarsa ta addini, ya ƙi da ladabi, ya kame bakinsa daga mutuncinta. Wanda ke riƙe da gadon 'yar'uwarsa ya miƙa mata tun kafin a karɓa a inda ba naira. A bar yarinya ta gama makaranta, boko da Islamiyya. Kwamitocin unguwa, na makaranta da na marayu da na rabon tallafi, a sa mata a ciki da cikakkiyar murya, a kuma yi taron da rana. Mu limamai kuma, in an ci mutuncin wata a unguwa, mu faɗa a kan mumbari ko da mai laifin shi ya saya wa masallaci janareta.

Ɗalibarmu da ta yi tambaya, ga cikon mudunki. Akwai hadisi, akwai fahimtar malamai, ba mu ɓoye ba. Akwai kuma kuɗi, da tsani da aka hana ku hawa, da taron dare, da takardar asali, da harsunanmu. Hajiya kuma, in wannan mujalla ta kai hannunki, muna neman afuwa a bainar jama'a kamar yadda aka ɓata ki a bainar jama'a. In kin sake shawara, zaurenmu a buɗe yake, kuma wannan karon ba za mu yi shiru ba.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, kuma muna maraba da gyara daga malamanmu. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wallahu a'alamu.